Sakkwato ko Kano? Shawarwari ga gidan da ɗansu zai fita ganin gari da ƙaramin guzuri

Da zarar an kai gero da dawa rumbu, an tsige gyaɗa, sai ƙafar samarin Gidan Goga da na sauran ƙauyukan Maradun, Bakura da Talatar Mafara ta fara ƙaiƙayi. Wani ya gama sakandare, wani ya sauke Alƙur'ani, wani kuwa ya tara 'yan kuɗin ƙwadago yana son ya ga birni da idonsa kafin hidimar iyali ta zaunar da shi. Ba ci-rani zai je ba, ba jinya ba. Kwana uku ko biyar yake so, da jaka ɗaya a baya. Samarin Turai da Amurka sun daɗe da mai da irin wannan yawo al'ada, mu ma kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: kakanninmu fatake sun taka har Gwanja neman goro, alhazan ƙafa sun ratsa Chadi da Sudan. Abin da ya sauya shi ne halin da hanya take ciki da tsadar mota.

Birane biyu ne kan zo bakin yaro idan ya tashi neman izini: Sakkwato da Kano. Kuɗinsa ba za su kai shi duka biyun ba, dole a zaɓi ɗaya. Ra'ayina, in faɗe shi tun yanzu, shi ne wanda bai taɓa fita ba ya fara da Sakkwato, Kano ta jira zuwa na biyu, sai fa in akwai dalili mai ƙarfi da mai masauki tsayayye. Ga yadda gida zai auna abin.

1. A zauna a tambayi yaron me zai je yi.
Kada maigida ya ce "a'a" tun bai ji ba, kada kuma ya ce "Allah ya kiyaye hanya" tun bai ji ba. Amsar da yaro ya bayar ita ce rabin zaɓin. In ya ce ziyara yake so, ya ga inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance, ya yi sallar Juma'a a babban masallaci, ya ga fadar Sarkin Musulmi, to Sakkwato ya nufa. In ya ce yana son ya ga yadda ake sarin yadi, ko yana tunanin koyon gyaran waya, ko yana son sanin inda hatsin da muke nomawa yake ƙarewa, to Kano ce. In kuwa ya yi ta kame-kame, abin da ya iya faɗa kawai shi ne abokansa sun je, a ba shi mako guda ya sake tunani. Wanda bai san abin da ya je nema ba, a tasha da wurin mai shayi kuɗinsa suke ƙarewa.

2. A auna hanya kafin a auna birni.
Wannan ita ce babbar magana, kuma duk ɗan Zamfara ya san dalili: 'yan bindiga masu tare hanya. Daga Talatar Mafara zuwa Sakkwato kimanin kilomita 120 ne: Lambar Bakura, Tureta, Dange, Shuni, sai ga ka a cikin gari. Mota ɗaya ce, kuma wanda ya bar Mafara da hantsi zai yi azahar a Sakkwato da yardar Allah. Kano kuwa kusan kilomita 400 ce. Sai ka ratsa Maru da Bunguɗu ka shiga Gusau, ka wuce Kwatarkwashi da Tsafe, ka faɗa jihar Katsina ta 'Yankara da Sheme har Funtuwa. Daga nan direba ya zaɓa: ko ya bi ta Bakori, Malumfashi, Dayi da Gwarzo, ko ya zagaya ta Zariya. Yini guda ne cur, kuma sau da yawa sai an sauya mota a Gusau, inda za a sake zaman jiran ta cika.

Ba zan ce wa kowa hanyar Sakkwato lafiya lau take ba. An sha tare mutane a wajen Tureta, kamar yadda aka sha tare su tsakanin Tsafe da Funtuwa. Amma lissafin a bayyane yake: wanda zai yi awa biyu ko uku a kan titi bai kai wanda zai yi awa bakwai ko takwas shiga haɗari ba, kuma gajeriyar tafiya tana ba mutum damar zaɓen lokacin da hanya ta fi cika da motoci. Mai zuwa Kano, in mota ta makara wajen cika ko taya ta fashe, la'asar za ta riske shi a inda bai kamata ta riske shi ba.

Kada kuma a manta da guntun farko, wato daga ƙauye zuwa bakin kwalta. Sau da yawa shi ya fi ban tsoro. A fita ranar da mutane suke fita da yawa, kamar ranar Talata da ake cin kasuwar Mafara, a bi ayari, kada a yi sammakon da ya wuce kima, kada kuma a kai yamma. Wanda zai tafi Kano ya fi masa kyau ya kwana a Mafara ko Gusau wurin ɗan'uwa, ya kama motar safe. Tafiyar dare kuwa a cire ta daga lissafi gaba ɗaya, ko da direba ya rage rabin kuɗi.

Labarin hanya a wurin direbobi da 'yan kamasho yake, ba a Facebook ba. A tambaye su ana jibi tafiya, a sake tambaya da safen ranar. In suka ce a dakata, a dakata. Kuma a shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wayar danginsa, ba a bakin titi ba don ragin 'yan nairori.

3. Garin da kake da mai masauki shi ne garinka mai araha.
Babu abin da ke cinye guzurin matafiyi kamar wurin kwana. Kuɗin ɗakin haya na dare biyu ko uku kan kai kuɗin mota, ko ya fi. Don haka, kafin a ce Sakkwato ko Kano, uwargida da maigida su zauna su lissafa dangi: ina kawu wane yake zaune yanzu, gwaggo wance da aka kai aure fa, ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, almajirin malam da ke tsaron shago a Kano. A nan ma Sakkwato takan yi rinjaye ga mutanenmu. Har ranar 1 ga Oktoba 1996 jiha ɗaya muke da su, can iyayenmu suka yi karatu da aikin gwamnati, can ake kai marar lafiya babban asibiti, kuma harshenmu ɗaya, ba wanda zai juyo ya kalle ka don ka buɗe baki. Da wuya a rasa gidan da zai shimfiɗa wa yaro tabarma a zaure.

Amma in ɗan'uwan da ya fi kusa a Kano yake, kuma shi da bakinsa ya ce a turo yaron, wannan kaɗai ya isa ya juya zaɓin.

Babba ne zai kira mai masauki, ba yaron ba. A faɗa masa ranar zuwa da ranar komawa, don ya san nauyin da zai ɗauka. Zaman birni a yau kowa da lissafin kwanon gidansa. Kada a je hannu rabbana. 'Yar jarkar man gyaɗa, tiya biyu ta gero ko wake, ƙullin daddawa ko kuka, duk suna da daraja a gidan birni fiye da yadda muke zato. A kuma ja wa yaro kunne: ya ci abin da aka ba shi, ya taya ɗiban ruwa, ya dawo gida kafin isha'i, kada ya kwaso abokai.

Masu cewa za su kwana a masallaci ko a tasha su sake shawara. Masallatai da yawa a birane yanzu ana rufe su bayan isha'i, kuma baƙon saurayi da jaka, wanda ba wanda ya san shi, yana iya kwana yana amsa tambayoyin 'yan sintiri. Wanda ba shi da masauki a ko ɗaya daga cikin biranen nan, ya ɗage tafiyar har ya samu.

4. A yi lissafin kuɗi da farashin wannan makon.
Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya. Abin da wani ya biya bara ba hujja ba ne. A aika a tambayo a tashar Mafara: nawa ne Sakkwato, nawa ne Gusau, nawa ne daga Gusau zuwa Kano. A haɗa da kuɗin babur daga gida zuwa bakin titi, a ninka biyu. In kuɗin mota na zuwa da dawowa ya haura rabin abin da ke hannu, wannan garin ya fi ƙarfin guzurin, a koma ga ɗayan. Da wannan ma'auni kaɗai gidaje da yawa za su ga Kano ta fita daga lissafi.

Sauran kuɗin a kasa su: na abinci, na zirga-zirga cikin gari, na shiga wuraren da ake biya, da na ko-ta-kwana. Kuɗin komawa gida a ware su daban tun daga ɗaki, a ɗinke su a cikin lalita ko aljihun ciki, a ɗauka babu su. Kada a zuba komai a asusun banki da sunan za a cira a wurin mai POS. Wanda ya ga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 ya san sabis kan ɗauke a lokacin da aka fi bukatarsa, ga kuma ladan cirewa da ake yanka kowane karo. Rabi a hannu, rabi a asusu ya fi.

Abu ɗaya nake roƙon iyaye: kada a buɗe rumbu saboda wannan tafiya. Da kaka hatsi ba shi da daraja, buhun da aka sayar da arha a watan Nuwamba shi za a nema da tsada a watan Yuli. In yaro yana son yawo, ya tara daga ƙwadagonsa, ko ya sayar da ɗan akuyarsa ko kajinsa. Bashi kuma ba a cinsa don ganin gari.

5. Abin da kwana uku za su nuna maka a Sakkwato.
Alherin Sakkwato ga mai ƙaramin guzuri shi ne manyan wurarenta suna kusa da juna a tsohon gari, kuma yawancinsu ba a biyan kuɗin shiga. Hubbaren Shehu, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817, da Masallacin Shehu, da Masallacin Sarkin Musulmi Bello, da fadar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yake zaune a cikinta tun 2006, duk mai ƙafa zai iya zaga su a yini ɗaya. A Hubbaren ne kuma kabarin 'yarsa Nana Asma'u yake, malamar da ta tsara koyar da matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji, a tsarin 'yan taru.

Ɗan ƙasar Maradun ba baƙo ba ne a wannan tarihi, kuma ina so iyaye su faɗa wa yaro haka kafin ya tashi. Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi. Ya zauna a Faru, kuma a Magami ne ya tsaya gaban Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a taron idin babbar sallah, ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi kira, a sassauta wa talakawa haraji, a saki fursunoni. Yaron da ya san wannan, in ya shiga Hubbare, ya san ƙarshen labarin da ya faro daga ƙasarsu ya zo gani.

Rana ta biyu a ba gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, wanda aka sa wa sunan malamin nan masanin tarihi da ya rasu a 1997. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu, da makamai da kayan sarauta. Ma'aikatar gwamnati ce, don haka a je ranar aiki, da safe. Daga nan a tambayi Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta kara da Turawa a watan Maris na 1903. A nemi dattijo ya nuna inda tsofaffin ƙofofin gari suke, irin su Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku. Ganuwar ta tafi, amma sunayen suna nan a bakin mutane.

Rana ta uku ta kasuwa ce: babbar kasuwa, da Kara inda ake cinikin dabbobi, da wurin dukawa masu aikin fatar jar akuyar nan da ta yi suna har ƙasashen Larabawa da Turai. Wurno, inda kabarin Muhammadu Bello yake, tana jan hankali, amma tana gabashin jihar. Kada yaro ya nufe ta sai mai masauki ya tabbatar da lafiyar hanya a wannan makon, kuma ya haɗa shi da wani.

6. Abin da Kano take da shi, da abin da take ci.
Ba na rage wa Kano komai. Duk Bahaushe ya kamata ya hau Dala sau ɗaya a rayuwarsa, ya ga birnin shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga Goron Dutse can gefe. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma gidan da ya gina shi ne fadar Kano har yau. Kusa da fadar akwai Gidan Makama, gidan tarihi da ake biyan kuɗi kaɗan a shiga. Ga marinar Ƙofar Mata, inda har yanzu ake tsoma zane a baba. Ga ragowar badala. A Nassarawa akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909.

Amma ainihin karatun Kano a kasuwanninta yake, kuma shi ya sa na ce mai niyyar sana'a ya je can. Ɗan manomi ya shiga Dawanau ya ga tireloli suna lodin riɗi, wake, zoɓo da masara zuwa kudu da ƙasashen waje, ya tambayi farashin buhu, ya gwada da abin da ɗan kasuwa ya biya babansa a ƙauye. Wannan tambaya ɗaya tana iya sauya yadda gidansu zai riƙa sayar da amfanin gona. Kantin Kwari ta yadi da atamfa ce, Singa ta kayan masarufi, Farm Centre ta waya da masu gyaranta, Ƙofar Ruwa ta kayan gini da ƙarafa, 'Yankaba ta kayan gwari. Wanda ke tunanin zama yaron shago ko koyon gyara, kwana huɗu a waɗannan wurare tare da wanda ya san gari sun fi masa labarin shekara.

Sai dai wuraren nan a warwatse suke. Dawanau tana can hanyar Katsina, 'Yankaba tana hanyar Haɗeja, tsakaninsu tafiya ce mai cin kuɗi da lokaci. Ga cunkoso, ga ƙwacen waya da mutanen Kano da kansu suke kuka da shi. Kwana biyu ba sa isar Kano. Wanda ba zai iya yin huɗu ba, ban da kwanakin da hanya za ta cinye, ya bari sai ya shirya.

Masu son su daidaita tafiya da hawan sallah, don su ga Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, su tabbatar tukuna. A 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda rikicin sarauta, kuma a makon sallah kuɗin mota kan tashi.

7. Zirga-zirga a cikin gari.
A Sakkwato kabu-kabu yana kai mutum har ƙofar gida, ga kuma Keke. A Kano an hana acaɓa tun 2013, sai A Daidaita Sahu da ƙananan bas. A Daidaita Sahu iri biyu ne a wajen biya: in ka shiga tare da sauran fasinjoji kuɗin kaɗan ne, in ka ce a kai ka kai kaɗai, ka ɗauki shata, kuɗin ya ninka sau da yawa. Baƙo ya tambayi mai masauki nawa ake biya daga nan zuwa can kafin ya fita, ya yi ciniki kafin ya hau, ya riƙe canji. Kada ya fito da waya a bakin titi yana neman hanya; ya shiga shago ya tambayi mai shagon.

8. Lokacin tafiya.
Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. An gama aikin gona, ciyawa ta bushe ana hango nesa, hanyoyin ƙauye sun tsane. Sai dai a tafi da rigar sanyi da ɗan bargo, domin zauren baƙi da asubar hunturu ba wasa ba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Mutanen Zamfara ba su manta da annobar 2017 ba. Wanda dole ta sa shi tafiya a bazara, ya guji kwana a ɗaki mai cunkoso marar iska, ya yi yawonsa da safe da bayan la'asar. Da damina kuwa gona tana bukatar hannunsa, ga amai da gudawa da kan ɓarke a birane.

9. Abin da zai shiga jaka.
Jaka ɗaya, wadda zai iya ɗora ta a cinya a cikin mota, kada ta shiga but balle a caje shi kuɗin kaya. Kaya kala biyu da na jikinsa, ɗaya mai kyau saboda Juma'a da shiga fada. Takalmin da ya saba da ƙafarsa, ba sabo ba. Ɗan abin sallah, wanda zai zama shimfiɗa in ta kama. Tocila, cajar waya, sabulu, asuwaki, gorar ruwa. Gidan sauro in mai masauki ba shi da na baƙo. Maganin ciwon kai da ƙullin gishiri da sukari na gudawa guda biyu ko uku.

Guzurin ci kuwa aikin inna ne, kuma shi ke rage kashe kuɗi fiye da komai bayan masauki. Hoce yana kwana biyu bai lalace ba. Ga ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, soyayyar gyaɗa, dabino, dakuwa. Da waɗannan, abinci ɗaya kawai zai saya a yini: fura da nono ko tuwon shinkafa a Sakkwato, gurasa ko ɗanwake a Kano. Ya ci a inda ya ga 'yan gari sun yi layi, abincin yana fitowa da zafi. Wuƙa, ko 'yar ƙarama ce ta yankan rake, a bar ta a gida. A shingen bincike ba za a saurari bayani ba.

10. Shaida, waya, da riƙe baki.
Abin baƙin ciki ne, amma gaskiya ne: saurayin da ya ce daga ƙauyen Zamfara yake, wani lokaci sai an yi masa kallo biyu. Kada ya fita ba shaida. Takardar NIN, ko katin zaɓe, ko katin makaranta, a sa a leda saboda gumi, a bar kwafi a gida. A shingen jami'an tsaro ya amsa abin da aka tambaye shi cikin ladabi, ya faɗi sunan mai masaukinsa da unguwarsa ba tare da inda-inda ba.

Lambobin waya uku, ta baba, ta mai masauki da ta wani ɗan'uwa a Mafara ko Gusau, a rubuta su a takarda, ba a cikin waya kaɗai ba. Mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara a watan Satumba na 2021, mutane suka yi makonni ba su ji ɗuriyar nasu ba. A yi alkawari tun a gida: zai kira in ya shiga mota, in ya sauka, da kowace magariba; in layin ƙauye ya ƙi, ga wanda zai bar wa saƙo. Ƙaramar waya mai maɓalli ta fi dacewa da wannan tafiya, cajinta yana daɗewa, ɓarawo kuma bai damu da ita ba.

Ranar tafiya da ranar dawowa, 'yan gida kaɗai su sani. Ba a shelarta a majalisa, ba a sa hoto a WhatsApp ana cewa ga mu a hanya. Kowa ya san ɓarnar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka yi wa garuruwanmu. Hotunan Dala da na Hubbare su jira sai an dawo.

11. Kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma su yi yawa.
Mutum biyu ko uku ya fi: ɗaya ya tsare jaka ɗaya ya shiga bayi, in ɗaya ya kwanta ciwo ɗaya ya kira gida. Sun haura haka, sun yi wa mai masauki nauyi. Iyaye su san abokan tafiyar da iyayensu. In da mata a tafiyar, ko inna ce take son ziyarar Hubbare kamar yadda iyayenmu mata suka saba, to Sakkwato ce ba tare da dogon tunani ba: a tafi da muharrami ko cikin ayarin matan gari, a kwana ɗaya ko biyu a dawo. Ƙananan yara da ake son kai wa gidan namun daji na Audu Bako a Kano, a bari sai wata hidimar dangi ta kai gidan can, a haɗa.

12. A tambayi liman hukuncin sallar matafiyi.
Nisan biranen biyu ya kai na ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wajen kilomita 80. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, ya koma cika sallah. Yaro ya je wurin liman ya ji bayanin dalla-dalla kafin ya tashi, ya kuma yi sallama da kakanni ya karɓi addu'arsu.

13. A shirya dawowa kamar yadda aka shirya tafiya.
Da yawa sukan yi hankali wajen zuwa, su yi sakaci wajen komowa, kuɗi sun ƙare, ɗokin gida ya kama su. Ana gobe tafiya, yaro ya je tasha tare da mai masauki ya ji lokacin da motar farko take tashi, ya kira gida ya ji halin da hanyar ƙauye take ciki. Mai tasowa daga Sakkwato ya kama motar hantsi, ya isa Mafara da sauran rana, ya sami ayarin shiga gida. Mai tasowa daga Kano kada ya ɗaura wa kansa isa Gidan Goga a yini ɗaya. Ya yada zango a Gusau ko Mafara, da safe ya ƙarasa. Tsaraba a saye ta a ranar ƙarshe da abin da ya rage bayan an taɓa kuɗin mota an ji suna nan: goro ga kaka, ɗan turare ko kallabi ga inna, alewa ga ƙanne. Kada a ɗauko babban kaya mai jan ido, kuma kada a karɓi saƙon ƙulli daga wanda ba a sani ba a tasha, ko da ya ambaci sunan garinku da na hakiminku.